Albarushi da Harsashi a Tarihin Maruwa da Garwa

Idan ana ba da labarin yadda Turawa suka ci ƙasar Adamawa, yawanci a kan bindiga ake tsayawa, a ce su suna da ita, mu muna da kwari da baka. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ta bar rabin zance a baya. Bindiga ta riga Bature zuwa Maruwa da Garwa da daɗewa, kuma wanda ya bi tarihinta a wannan yanki zai ga cewa mallakarta ba ta taɓa zama abu mafi wuya ba. Wahalar tana wajen abin da ake ɗura mata: albarushin da zai tashi a lokacin da ake so, da harsashin da ya dace da bakinta, da mutumin da ya san gwargwadon kowanne. Hujjar da nake son kafawa ita ce, a arewacin Kamaru iko ya bi wanda ke riƙe da hanyar albarushi da harsashi, kuma wannan ne ya bayyana abubuwa biyu da suke kamar sun saɓa wa juna, wato faɗuwar lamidai cikin 'yan watanni, da kuma daɗewar bindigar maharba har zuwa zamaninmu.

Shaida ta farko ta zo daga shekarar 1823. A watan Afrilu na wannan shekara wani Baturen Ingila, Dixon Denham, ya bi rundunar Barno ƙarƙashin Barka Gana, tare da Larabawa 'yan bindiga na Bu Khalum da dawakin Sarkin Mandara, zuwa wani garin Fulani da ke kudu da Mora wanda ya rubuta sunansa Musfeia. Masu bindiga ne suka kai hari, masu baka ne suka kore su. Bu Khalum kansa kibiya mai dafi ce ta kashe shi a hanyar gudu, Denham kuma da ƙyar ya tsira da ransa. Dalilin bai ɓuya ba. Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura tsumma, a jefa harsashi, a danna da sanda, sannan a sa ɗan albarushi kusa da ƙanƙarar da za ta ba da wuta. Kafin a gama wannan, gwanin baka ya saki kibiya da dama. Ga shi cikin bututun sumul yake, harsashin kuma dole ya fi bakin ƙanƙanta don ya shiga, saboda haka yana fita yana kaɗawa, ba ya bin saiti in an yi nisa. Kowane harbi yana barin dauɗa a ciki, damina kuma tana jiƙa albarushi ya ƙi tashi. Sarakunan da suka dogara da doki da mashi da maharba kibiya, irin na masarautar Rai da suka yi suna da baka, lissafi suka yi, kuma a wancan lokaci lissafinsu daidai ne.

Ba wai ba a san bindiga a ƙasashen nan ba. Mai Idris Alooma na Barno yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarshen ƙarni na 16, kamar yadda limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta, Tarihin Kano kuma ya ce a zamanin Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, an kawo bindigogi daga Nufe. Abin da ya hana ta yaɗuwa shi ne kayan ɗurinta. Albarushi abu uku ne. Gawayi yana ko'ina. Gishirin da ke ba shi ƙarfi ana iya tace shi daga ƙasa a wurare da yawa. Amma farar wuta sai an kawo ta daga nesa, a bayan raƙumi daga Tarabulus ko ta ruwa daga bakin teku, haka ma dalma mai kyau da ƙanƙara. Shi ya sa bindiga ta yi ƙarfi a inda sarki ya kama bakin hanya. Tanimu na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, yana kan hanyar Sahara, ya tara dubban bindigogi, aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a cikin garinsa. Masaba na Bida yana kan Kwara, yana karɓar kayan Turawa kafin su wuce gaba. Garwa kuwa tana can ƙarshen inda jirgi ke iya kaiwa a Binuwai, shi ma sai ruwa ya cika da damina, Maruwa ta fi ta nisa. Duk abin da ya iso nan ya riga ya bi ta hannun mutane da yawa waɗanda ba su da sha'awar ganin maƙwabci ya yi ƙarfi.

Waɗanda suka fi kowa sanin bindiga a yankin, a ganina, maharban giwa ne, kuma su ne tarihi ya fi mantawa da su. Tun lokacin da Heinrich Barth ya iso mahaɗar Binuwai da Faro a watan Yuni na 1851, hauren giwa yana cikin manyan kayan da Adamawa ke fitarwa, kuma fatake Hausawa ne suka riƙe cinikinsa daga Ngaundare da Tibati da Banyo zuwa Kano da tashoshin Binuwai. Maharbin da ke gaban wannan ciniki yana da matsala ta zahiri: harsashin da ke hannunsa, ko dalma ko guntun ƙarfen da maƙeri ya dunƙule masa, ba ya ratsa giwa ya kashe ta nan take. Sai ya auri dabarar masu baka ya haɗa da ta bindiga, ya ɗura sango, wato gajeren mashi mai faɗin kai da aka shafa wa dafi, ya matso kusa ƙwarai, ya harba, ya bi sawu har dabbar ta faɗi. A nan ake ganin ainihin sana'ar. Mutumin da ke da harbi ɗaya tak a gaban giwa ba ya zuba albarushi da ka. Yana da ma'auninsa, yana sanin wanda ya saya a hannun fatake da wanda aka haɗa a gida ba ƙarfinsu ɗaya ba, yana shanya shi, yana ajiye shi inda raɓa ba za ta taɓa shi ba. Abin da masu haɗa harsashi da hannu a Turai da Amurka ke nema a yau da sikeli mai auna ƙwayar gari, wato ɗurin yau ya zama daidai da na jiya, shi ne maharbin nan yake nema da idonsa da abin da ya gada daga maigidansa. Saiti ba ya samuwa sai ɗuri ya daina canzawa, kuma wanda bai koyi wannan ba yakan rasa yatsu ko ido in bututu ya fashe.

Ƙarshen ƙarni na 19 ya sauya lissafin gaba ɗaya. Bindigar da ake ɗurawa ta gindi ta zo da harsashi a haɗe cikin kwanson tagulla, cikin bututunta kuma an yi masa zane a murɗe don harsashin ya fita yana juyawa ya miƙe. A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, a wannan shekarar kuma Hiram Maxim ya fito da bindigarsa mai ruwa. Waɗannan duka sun ɗauke sana'ar ɗuri daga hannun maharbi sun mai da ita masana'anta. Maƙerin Garwa yana iya gyara kunamar tsohuwar bindiga, yana iya zuba dalma, amma ba ya iya buga kwanso ko ɗan ƙoƙon da ke tada wuta a gindinsa. Turawa sun fahimci wannan sarai. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsashinsu a faɗin tsakiyar nahiyar, ta bar ƙofa a buɗe ga bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. An sa wa yarjejeniyar sunan yaƙi da cinikin bayi, amma ko da wace niyya aka rubuta ta, sakamakonta a Binuwai shi ne sarki yana iya samun bindigar zamani ta ɓarauniyar hanya, sai dai ranar da harsashinta ya ƙare ta zama sanda. Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 da rundunar 'yan bindiga mafi tsari a yankin Tafkin Chadi, ya shafe shekarunsa a Dikwa yana neman hanyar ciniki da za ta kawo masa albarushi, sarakunan daular Sakkwato kuma suna toshe masa, har Faransawa suka kashe shi a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900.

Wani zai ce wannan duk kewaye ne, domin abin da ya faru a fagen fama a bayyane yake. Ingilishi sun ci Yola a farkon Satumba 1901 duk da igwa biyu da Bafaranshe Mizon ya taɓa ba Lamiɗo Zubairu. Zubairu ya tsallako ya gwabza da Jamusawa a Garwa a watan Nuwamba, sannan a Janairun 1902 shi da Lamiɗon Maruwa suka tari rundunar Jamusawa ta Hans Dominik a bayan garin Maruwa, inda bindiga mai ruwa ta kwantar da mahaya da masu ƙasa da suka yi ta zuwa sahu bayan sahu. Ashe ba na'ura ce ta ci yaƙin ba? Ita ce, a ranar. Amma bindiga mai ruwa tana cinye ɗaruruwan harsasai cikin minti ɗaya, kuma kowane ɗaya an ƙera shi a Jamus, an ɗora shi a jirgi, an ɗauko shi a kan 'yan dako tafiyar makonni daga bakin teku. Ƙarfin Dominik yana cikin akwatunan da ke bayansa, da tabbacin cewa wasu suna tafe. Akwai kuma masu cewa laifin na dabarar yaƙi ne, da lamidai sun bar karon gaba da gaba sun koma sari-ka-noƙe da an daɗe ana yi. Wannan yana da ƙamshin gaskiya, kuma mutanen duwatsun Mandara sun nuna hakan, don sun daɗe suna wahalar da masu mulkin mallaka da kibiya kawai. Sai dai kibiya a gida ake yin ta, daga ƙarfen da aka narka a dutsen da dafin da aka dafa a can. Misalin nasu yana ƙara nuna cewa wanda ke ciyar da makaminsa da kansa shi ne ke iya jurewa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ya sami Jamusawan su kansu bayan shekara goma sha biyu. Da yaƙin duniya ya tashi a 1914, jiragen ruwan Ingila da Faransa suka rufe bakin teku, sojan Jamus a Kamaru ya wayi gari a matsayin da Zubairu ya taɓa tsintar kansa. Sun kori harin farko na Ingilishi a Garwa a watan Agusta 1914, amma garin ya miƙa wuya ranar 10 ga Yuni 1915 bayan an kawo manyan igwa ta Binuwai. A kudu kuwa, da harsashi ya yi ƙaranci, sai suka koma tsince kwanson da aka riga aka harba suna sake ɗura shi da hannu, da albarushin da suka haɗa a cikin ƙasar, suna amfani da tsofaffin bindigoginsu masu hayaƙi. Harsashin bai yi kyau ba, kuma rashinsa yana cikin manyan dalilan da suka sa rundunar ta tsallaka zuwa ƙasar Sifaniyawa ta Muni a farkon 1916. Ernst von Raben, da ya ƙi sauka daga dutsen Mora, ya miƙa wuya ranar 18 ga Fabrairu 1916, shi ne na ƙarshe. Horon sojan bai canza ba, bindigogin ma suna nan. Hanyar harsashi ce ta yanke.

Wannan kuma shi ya bayyana dalilin da ya sa harba-ruga, wato bindigar da ake ɗurawa ta baki, ba ta mutu ba. Ana iya cewa doka ce ta raya ta, tunda masu mulkin mallaka, Jamusawa da Faransawan da suka gaje su, sun tsaurara izinin bindigar zamani ga talaka. Doka ta taimaka, amma da doka ce kaɗai da ta ɓace ranar da aka juya mata baya, kuma an juya: dokar gandun daji da namun daji ta Kamaru ta 1994 ta sa irin wannan bindiga cikin abin da aka hana farauta da shi. Ta daɗe ne saboda maƙerin ƙauye yana iya yin ta yana iya gyara ta, mai ita kuma ba ya jiran kanti. Amma a nan dole a faɗi ɗaya gefen. Bututun da ake yi da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota bai kai ƙarfin na asali ba, kuma albarushin zamani da wasu ke kwancewa daga harsashi su zuba a ciki yana da matsin da irin wannan ƙarfe ba ya ɗauka. Ilimin awo da tsofaffin maharba suka riƙe da muhimmanci ya fi bindigar saurin ɓacewa, kuma hannuwa da fuskokin matasa ne ke biyan kuɗin.

Dajin ma ya canza hannu. Waza da Binuwai da Buba Njida sun zama gandun daji na ƙasa a 1968, makarantar horar da ma'aikatan namun daji ta Garwa ta buɗe a 1970 tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka masu Faransanci, yankunan farauta da ke kewaye da gandayen kuma an ba da hayarsu ga masu kawo baƙi daga Turai da Amurka da harsashinsu na masana'anta. Ba na cewa maharban da ba su yi ɓarna ba, cinikin haure na ƙarni na 19 ya rage giwaye ƙwarai a wurare da yawa. Amma mai sango yana da harbi ɗaya, yana iya bin giwa ɗaya kwana da kwanaki. A farkon 2012 mahaya da suka shigo ta iyakar Chadi da bindigogin yaƙi, da harsashin da yaƙe-yaƙen yankin suka sa ya yi araha, sun kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida cikin 'yan makonni, kafin gwamnati ta tura soja.