Waƙar "Rosa Parks" da Shari'ar da Ta Biyo Bayanta

Tun da sana'ar gambarar zamani ta ɓullo a unguwar Bronx ta birnin New York wajen 1973, har zuwa tsakiyar shekarun 1990, manyan wannan fanni ba su ɗauki mutanen kudancin Amurka a bakin komai ba, domin a ganinsu fasaha ta tsaya tsakanin New York da Los Angeles, saura kuwa ƙauyawa ne masu nauyin harshe. Hujjar wannan raini ta bayyana a 1995, lokacin da aka ba wasu samari biyu na Atlanta, André Benjamin da Antwan Patton, waɗanda ake kira OutKast, lambar yabo a bikin mujallar The Source, jama'ar New York suka yi musu ihu, André ya tsaya a kan dandamali ya ce Kudu ma tana da abin faɗa.

Abin da Kudu ta faɗa ya fito sosai a kundinsu na uku, Aquemini, wanda kamfanin LaFace ya fitar a watan Satumba na 1998, kuma waƙar da ta ja ragamarsa ita ce "Rosa Parks". Wanda ya saurare ta zai ji jita irin ta karkara, sa'an nan a tsakiya sai amon ya sauya, tafi da buga ƙafa su shigo, wata 'yar sarewar baki da ake kira harmonika ta karɓe fili, mai busa ta kuwa mijin mahaifiyar André ne, malamin coci. Wato abin da ake yi musu gori da shi, shi suka ɗauko suka yi ado da shi, kuma a nan ne hikimarsu take.

Amma sunan da suka laƙaba wa waƙar yana da mai shi. Rosa Parks ita ce matar da, ran 1 ga Disamba 1955, a Montgomery ta jihar Alabama, ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujera a cikin bas, aka kama ta, baƙaƙen fata suka ƙaurace wa motocin birnin kwana 381. Ba tarihinta waƙar ta zo da shi ba. Kirari ne kawai, inda mawaƙan ke umurtar abokan hamayyarsu da su koma kujerun baya, abin da malaman balaga za su kira majazi. A 1999 aka shigar da ƙara da sunanta, bisa da'awar an yi kasuwanci da sunan ba tare da izini ba, kuma an haɗa shi da kalaman batsa.

Alƙalin farko ya kori ƙarar, yana mai dogaro da 'yancin faɗar albarkacin baki. Kotun ɗaukaka ƙara ta maido da wani sashe nata a 2003, bisa cewa ba a tabbatar da alaƙa tsakanin sunan da abin da waƙar ta ƙunsa ba. Ana cikin haka tsufa ya taɓa hankalin dattijuwar, har wasu daga danginta suka yi shakkar ko ta san abin da lauyoyi ke yi da sunanta. A watan Afrilu na 2005 aka yi sulhu, ba tare da mawaƙan sun amsa laifi ba, aka amince za su taimaka wa cibiyar Rosa da mijinta Raymond Parks wajen ilmantar da matasa.

A ra'ayina, ko da shari'a ta ba su gaskiya, ladabi bai ba su ba, domin a lokacin mace ce mai rai, sa'ar kakarsu, kuma neman izininta bai fi ƙarfinsu ba. Ta rasu a Detroit ran 24 ga Oktoba 2005, tana da shekara 92, wata shida bayan sulhun.