Daga Taswirar Yaƙi Zuwa Teburin Hira: Tarihin Wasan Dungeons & Dragons

Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu bi diddigin wani wasa da ya samo asali a ƙasar Amurka, wanda ake kira Dungeons & Dragons, wato wasan kurkukun ƙarƙashin ƙasa da dodanni masu aman wuta. Mutane huɗu ko biyar ne kan kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin tauraro guda: wannan jarumi, wancan matsafi, wani kuma ɓarawo. Mutum ɗaya, wato jagoran wasa, shi ke bayyana musu duniyar da suke ciki da abin da ya tunkaro su. Su kuma sai su faɗi abin da taurarinsu za su yi, a jefa ɗan lido mai fuska 20 don a ga ko an yi nasara. Bambancinsa da tatsuniya shi ne, a nan masu sauraro suna da hannu a ƙullin labari, kuma shi kansa jagoran bai san inda za a ƙare ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne tambayar da ta yi ta bin wasan tun farkonsa: shin labarin da jama'a suka taru suka ƙirƙira, na wane ne?

Tushen Wasan

Tushen wasan yana cikin barikin soja. A shekarar 1824 wani hafsan sojan daular Furushiya ta Jamusawa mai suna Georg von Reisswitz ya wallafa dokokin wani wasan koyon dabarun yaƙi da ake kira Kriegsspiel, wanda mahaifinsa ya fara tsarawa. Ana shimfiɗa taswira, a jera 'yan gutsattsarin ƙarfe a madadin runduna, sannan a naɗa alƙali wanda zai karɓi umarnin kowane ɓangare ya yanke abin da ya faru. Bayan Furushiya ta ci Faransa da yaƙi a 1871, sojojin ƙasashe da dama sun rungumi wannan hanya. Daga baya farar hula suka mayar da ita abin nishaɗi, har marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya wallafa nasa dokokin a 1913.

Babban sauyi ya zo ne a jihar Minnesota ta Amurka. A 1969 David Wesely ya shirya wani wasa da ya kira Braunstein, inda ya ba kowane ɗan wasa mutum guda a cikin wani gari, kamar magajin gari ko ɗalibi, maimakon runduna sukutum. Abokinsa Dave Arneson ya ɗauki wannan dabara a 1971 ya gina duniyar almara mai suna Blackmoor, inda 'yan wasa ke kutsawa ƙarƙashin wata tsohuwar fada neman dukiya, kuma tauraron da ya tsira yau zai dawo mako mai zuwa da ƙarin ƙarfi. A wannan shekarar ce kuma Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin, tare da Jeff Perren, suka fitar da dokokin yaƙin zamanin da mai suna Chainmail, da ɗan ƙarin babi a kan matsafa da dodanni. A ƙarshen 1972 Arneson ya nuna wa Gygax wasansa. Gygax ya zauna ya tsara shi a rubuce, ya kafa kamfanin TSR tare da Don Kaye a 1973, sannan a watan Janairun 1974 aka buga kwafi 1,000 na Dungeons & Dragons, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, a kan dala 10.

Rigingimun Mallaka da Zargi

Masu iya magana kan ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tunda wasan ya fara kawo kuɗi, sai masu haƙƙi suka taso. A 1977 masu riƙe da haƙƙin sarrafa ayyukan J. R. R. Tolkien suka yi barazanar zuwa kotu, dole aka sauya sunayen wasu halittu da aka aro daga littattafansa. A 1979 shi kansa Arneson ya kai ƙarar TSR a kan kasonsa, aka sasanta a 1981.

Sai kuma wata rigimar ta daban. A 1979 wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya ɓace daga wata jami'a a jihar Michigan. Jaridu suka yayata cewa wasan ne ya ruɗe shi, alhali daga baya an gan shi, kuma ta bayyana damuwa ce ta kansa ta fitar da shi. A 1983 Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa, ta kafa wata ƙungiya don yaƙar wasan, tana zarginsa da koyar da tsafi da bautar Shaiɗan. Kotu ta yi watsi da ƙarar da ta shigar, amma tsoro ya riga ya shiga zukatan iyaye, har wasu makarantu suka haramta wasan. Abin mamaki, wannan surutu ya ƙara wa wasan kasuwa. Duk da haka kamfanin ya ji jiki, domin a bugu na biyu na 1989 ya cire sunayen shaiɗanu daga littattafansa. Kafin nan, a 1985, an riga an ture Gygax daga kamfanin da ya kafa da hannunsa.

Buɗe Ƙofa da Yunƙurin Rufe Ta

A 1997 bashi ya yi wa TSR katutu, kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi, shi ma Hasbro ya haɗiye shi a 1999. A 2000 sababbin masu wasan suka fito da wani lasisi wanda ya ba kowane marubuci damar amfani da ginshiƙan dokokin ya wallafa nasa littafin ba tare da ya biya ko sisi ba. Ƙananan maɗaba'u da yawa sun rayu a kan wannan izini, har ma a 2009 aka samu wasan Pathfinder wanda ya zama kishiya ga uwar gidan. Gygax ya rasu a 2008, Arneson kuma a 2009, ba su ga sabon tashen da wasan ya yi ba bayan bugu na biyar na 2014, lokacin da dubban mutane suka fara kallon masu yin sa kai tsaye ta intanet a shirye-shirye irin su Critical Role.

A watan Janairun 2023 asiri ya tonu cewa kamfanin yana shirin soke tsohon lasisin, ya kuma nemi kaso daga manyan masu wallafa. Nan take 'yan wasa suka yi caa, da yawa suka janye kuɗin rajistarsu daga shafin kamfanin, maɗaba'u kuma suka fara shirin nasu lasisin. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, ya kuma saki ginshiƙan dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons wanda ba shi da ikon sokewa.

Kammalawa

Mun ga yadda alƙalin wasan soja ya rikiɗe ya zama mai ba da labari, da yadda runduna ta koma mutum guda mai suna da buri. Mun kuma ga marubuta da iyaye da kamfanoni, kowa ya yi ƙoƙarin riƙe akalar wasan a lokacinsa. Kamfani yana iya sayar da littafi da ɗan lido, amma labarin da ya gudana a daren jiya tsakanin abokai biyar ba ya cikin kowane littafi, kuma da zarar sun san dokokin suna iya ci gaba ko babu shi. Wannan ne ya ba 'yan wasa ƙarfin da suka nuna a 2023. Ga mu masu sha'awar rubutu, akwai abin lura a nan: fiye da shekara 50 ke nan mutane suna biyan kuɗi don su sami damar zama tare su saƙa labari da bakinsu, kuma sun nuna a shirye suke su kare wannan dama idan aka nemi ƙwace ta.