E, H, 4G: me haruffan da ke saman wayarmu ke nufi?

Kowa ya san takaicin nan: kana son tura saƙon murya ta WhatsApp, sai ka ga harafin E ya fito kusa da alamar rezo, saƙo ya yi ta juyawa bai tafi ba. Harafin yana faɗa mana irin tsarin sadarwar da wayar ta kama a lokacin. Shi kuwa G na 2G ko 4G yana nufin zamani, wato kowane sabon tsari da ya gaji na baya, kusan duk bayan shekara goma.

Zamani na farko, 1G, ya fara a Japan a 1979. Murya kawai yake ɗauka, kuma mai na'urar da ta dace yana iya sauraren hirar mutane. 

Wanda ya shigo gidajenmu shi ne 2G, da tsarin GSM da ƙasashen Turai suka haɗu suka tsara, aka fara aiki da shi a Finland a 1991. Shi ya kawo katin sim da saƙon SMS, kuma da shi Celtel ta yi aiki a Nijar kafin ta koma Zain, daga baya Airtel. An yi masa ƙari har ya iya ɗaukar intanet kaɗan: G shi ne GPRS, E kuma EDGE. Kada mu raina shi. Lambobin nan masu farawa da tauraro, waɗanda muke duba kiredi ko mu aika kuɗi da su, suna aiki ko da 2G ne kawai a ƙauye, kuma ƙaramar waya mai maɓallai tana kwanaki ba caji.

3G ya fara a Japan a 2001. H da H+ gyararrun nau'o'insa ne. 4G, wanda ake kira LTE, an buɗe shi a Stockholm da Oslo a ƙarshen 2009. A nan akwai abin da ke rikita mutane da yawa. An gina 4G ne don intanet zalla, ba shi da hanyar kira irin ta da. Shi ya sa idan kira ya shigo sai mu ga waya ta sauka zuwa H ko E, bayan an gama ta koma. Ba lalacewa ta yi ba. Sai in kamfani da wayar duka suna da tsarin VoLTE ne kira zai tafi ta 4G.

5G ya fara yaɗuwa daga Koriya ta Kudu a 2019, ya iso Najeriya a 2022.

Ga mai shirin sayen waya a kasuwa, rubutun kwali bai isa ba. Kowane kamfani yana aiki ne a kan mitocin da hukumar ARCEP ta ba shi lasisi, kuma wayar da aka ƙera don Amurka tana iya rasa mitar da ake amfani da ita a nan. Gara a sa sim a gwada gaban mai shago, a ga 4G ya fito da ido. Tsohon sim ma wani lokaci sai an canza shi. Ita kuma 5G da ake gani a ƙarshen sunan wasu wifi, mitar gigahaz 5 ce ta akwatin wifi ɗin, ba ta da alaƙa da zamani na biyar.