Daga Kejin Tagulla zuwa Gilashi: Tarihin Shingen Kantar Banki

A bankunan Ingila da Amurka na ƙarni na 19, abin da ke raba kashiya da jama'a shi ne keji na sandunan tagulla ko na baƙin ƙarfe da ake kafawa bisa doguwar kantar katako, a bar 'yar taga ta miƙa kuɗi da takardu. Irin wannan shinge bai wahalar da masu gini ba, domin ƙarfe yana ɗaukar kansa, yana jure duka, idan kuma ya lanƙwashe ana miƙar da shi; kafinta ya ɗaure gindin sandunan a jikin kanta, ya haɗa kawunansu da sanda guda, aiki ya ƙare. Gilashi yana nan a lokacin, tun da masana'antar Saint-Gobain, wadda aka kafa a Faransa a 1665, ta daɗe tana zuba manyan fallaye, sai dai tsadarsa da saurin fashewarsa sun hana a dogara da shi wajen tsare dukiya.

Abubuwa uku ne suka sauya lamarin. Édouard Bénédictus, masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, ya yi wa gilashi mai hawa-hawa rajista a 1909, wato fallaye biyu da aka manne da siririyar leda a tsakani, wadda ke riƙe ɓaraguzai idan gilashin ya tsage. Ƙara yawan fallayen ne ya haifar da gilashin da harsashi ba ya ratsawa. Sai gasasshen gilashi, wanda ake zafafawa ya haura digiri 600 sannan a huce shi farat ɗaya da iska, ƙarfinsa ya ninka na gama-gari sau huɗu zuwa biyar. A 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar malala narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, ya fito sumul ba sai an goge ba, farashi ya faɗi.

Samun gilashin bai warware matsalar ba, mayar da ita ya yi kan abin da zai riƙe shi. Kowane murabba'in mita na gilashi yana da nauyin kilo 2.5 a kan kowace milimita ta kauri, saboda haka falle mai kaurin milimita 10 kilo 25 ne, mai milimita 40 kuwa, irin wanda ake sa wa don tare harsashi, ya kusan kilo 100, nauyin da kantar katako ta da ba za ta ɗauka ba ba tare da ta lotsa ba. Wannan ya sa injiniyoyi suka ɓoye ginshiƙan ƙarfe a cikin kanta, suka kafe su da noti a daɓen kankare, wani lokaci har su zarce silin su kama ainihin ginin da ke sama. Gilashin kansa yana zama ne cikin wani kwari na ƙarfe ko alminiyam, amma ba a yarda bakinsa ya taɓa ƙarfen ba, domin daga baki tsagewa ke farawa. Ana ɗora shi kan ƙananan matasai biyu na roba mai tauri, galibi kowanne a rubu'in tsawon fallen daga gefe, a kuma bar ɗan sarari saboda zafi na buɗa ƙarfe fiye da gilashi. Gasasshen gilashi ba ya yankuwa kuma ba ya huduwa bayan ya fito daga wuta, don haka ramin magana da gurbin tiren kuɗi dole a auna su tun a takarda, kuskuren 'yan milimitoci kuwa sai a sake falle.

Akwai lokacin da bankuna suka so rabuwa da shingen baki ɗaya. Reshen bankin Manufacturers Trust da aka buɗe a New York a 1954 bangonsa gilashi ne, har ƙofar taskar kuɗi ana hangowa daga titi, kantocinsa kuma a buɗe suke. Yawaitar fashi ta sa majalisar Amurka ta kafa dokar tsaron bankuna a 1968, rassa da dama kuma suka koma bayan gilashi mai kauri. Ma'aunin UL 752 na Amurka da EN 1063 na Turai sun kasa irin wannan kariya mataki-mataki gwargwadon bindigar da za ta jure, amma gilashi mai daraja cikin raunanan firam asarar kuɗi ce, shi ya sa ake saka farantan ƙarfe a ƙasan kanta, a kuma nutsa bakin gilashin sosai cikin kwarinsa don kada duka ya fitar da shi.

Shingen da ke tare numfashi tarihinsa daban ne. Johnny Garneau, mai gidajen abinci a Amurka, ya nemi rajistar gilashin kare abinci daga atishawa a 1959, annobar korona ta 2020 kuma ta baza irinsa a kantuna da wuraren sayar da magani, akasari da robar akrilik, wadda Otto Röhm ya fitar a Jamus a 1933 da sunan Plexiglas. Nauyinta bai kai rabin na gilashi ba, saboda haka ƙafafu biyu ko sarƙa daga silin kan isa, sai dai tana lanƙwasa kuma zafi na buɗa ta ninkin ba ninkin, abin da ya sa masu kafa ta ke faɗaɗa ramin noti fiye da kaurinsa, ba su kuma ɗaure shi tamau.