Iskar rana da iyakar garkuwar maganaɗisun duniya: abin da ke isowa samaniyar Kwatano

Iskar rana, wadda ake kira vent solaire da Faransanci, ba irin iskar da muke shaƙa ba ce. Ƙananan ƙwayoyi ne masu ɗauke da lantarki, galibinsu firoton da ilektiron, waɗanda rana ke fesowa ba tsayawa. Sukan yi gudun kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya, wani lokaci har ninki biyu, su cinye tazarar kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu da rana cikin kwana huɗu ko makamancin haka. Masanin Amurka Eugene Parker ne ya nuna samuwarta ta hanyar lissafi a 1958, sannan kumbon Mariner 2 ya tabbatar da ita a 1962.

Abin da ke tare ta shi ne ƙarfin maganaɗisun duniya, wanda ke samuwa daga narkakken ƙarfen da ke motsi can cikin ƙasa. Shi ne ke juya allurar kamfas ɗin da baƙo a Zongon Kwatano ke dubawa don gane alƙibla. Ƙarfin ya miƙe har sararin samaniya, ya kewaye duniya kamar garkuwa. Wurin da turin iskar rana ya yi daidai da turin wannan garkuwa shi ne iyakar, wato magnétopause.

Siffar iyakar

Ta ɓangaren da ke fuskantar rana, iyakar tana da nisan kusan kilomita 64,000 daga tsakiyar duniya. Gaba da ita, wajen kilomita 90,000, akwai inda iskar ke fara cin birki, ta yi zafi, ta karkace gefe kamar yadda ruwa ke rabewa a goshin kwalekwale. Ta ɓangaren dare kuwa garkuwar jan ta ake yi, ta zama doguwar jela da ta wuce nisan wata. Sydney Chapman da Vincenzo Ferraro sun zana wannan siffa tun 1931, kafin kumbon Explorer 12 ya ratsa iyakar a 1961.

Iyakar ba ta zama wuri ɗaya. In iskar ta yi sanyi sai ta ja waje, in rana ta yi aman wuta mai yawa sai ta matso. A manyan guguwa takan shigo ƙasa da layin da taurarin ɗan Adam na talabijin da sadarwa ke tsaye, kilomita 36,000 daga doron ƙasa, su wayi gari a wajen garkuwa.

Mafi muhimmanci shi ne iyakar tana buɗewa. Wanda ya saba bin hanyar Seme-Krake ya san iyaka wurin tsarewa ce, kuma wurin wucewa ce. Iskar rana na tafe da nata maganaɗisun. A goshin garkuwa na duniya arewa yake kallo. Idan na iskar ya kalli kudu, sai layukan biyu su tsinke su haɗe da juna, ƙarfin iskar ya samu hanyar kwarara ciki. James Dungey ya bayyana haka a 1961, kuma tun 2015 taurari huɗu na hukumar NASA, masu suna MMS, ke auna shi a wurin. Shi ya sa iska mai tsananin gudu kan wuce salin-alin idan maganaɗisunta arewa yake kallo, wata da ba ta kai ta gudu ba ta tayar da guguwa.

Ina ruwan Afirka ta Yamma?

Hasken da ke rawa a sama lokacin guguwa galibi rabon ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu ne. Sai dai kuskure ne a ɗauka abin bai shafe mu ba. Ikwetan maganaɗisu, layin da ƙarfin ke kwance shamal da ƙasa, ya ratsa ta wajen arewacin Benin da arewacin Najeriya. Samansa, a tsayin kilomita 100 zuwa 110, wani kogin lantarki mai faɗin kusan kilomita 600 na gudu zuwa gabas da tsakar rana. Direban da ya ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Kwatano ya nufi Malanville ta ƙarƙashinsa yake bi. Masanin Najeriya Cyril Onwumechili ya shafe shekaru yana nazarinsa daga Ibadan, kuma a 1993 da 1994 an jera na'urorin awo daga Timbuktu zuwa Lamto ta Kodebuwa dominsa.

Idan iskar rana ta danne iyakar farat ɗaya, girgizar takan iso ƙasa cikin mintuna, wannan kogin lantarki kuma ya ƙara mata ƙarfi. Irin wannan canji na gaggawa ne ke cusa lantarkin da ba a so cikin dogayen wayoyin wuta. Shi ya jefa lardin Kebek na Kanada cikin duhu na awa tara a Maris 1989, ya kuma lalata manyan taransifoma a Afirka ta Kudu bayan guguwar Oktoba 2003.

Abin da mutum zai fi ji a jikinsa shi ne rediyo da GPS. Tashoshin gajeren zango suna isowa ne bayan saƙonsu ya daki rufin lantarkin sama ya dawo. In rufin ya hargitse sai murya ta dushe. Saƙon GPS, wanda ɗan zemijan mai aiki da manhaja da matuƙin jirgin ruwa suka dogara da shi, ta cikin rufin yake ratsowa. A yankinmu bayan faɗuwar rana rufin kan yi ramuka masu sa saƙon rawa ko da babu guguwa, musamman wajen Maris da Satumba. Guguwa na iya tsananta su, tana kuma iya danne su, gwargwadon lokacin da ta iso. Tashar karɓar saƙon taurari ta Kwatano, mai lambar BJCO a jerin tashoshin duniya, na cikin waɗanda masana ke amfani da bayanansu wajen bin wannan hali.

Gargaɗi kuwa gajere ne. Taurarin da ke gadi a nisan kilomita miliyan 1.5 ta wajen rana su ne ke fara gane inda maganaɗisun iskar ya kalla, kuma daga nan zuwa iyakar tafiyar minti 15 ce zuwa awa ɗaya.