FARAUTAR MANYAN NAMUN DAJI A ƘASAR HAUSA DA WAƊANSU ƘASASHE

Bompai ita ce unguwar masana'antu ta farko da aka keɓe a Kano, daga baya Sharaɗa da Challawa suka biyo baya, kuma jimar fata tana cikin sana'o'in da suka fi ƙarfi a waɗannan wurare. Fatun da ake jemewa kusan dukkansu na awaki ne da tumaki da shanu. Amma a ƙarni na 19, cikin manyan kayan da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus, ban da jemammiyar fata, akwai hauren giwa da gashin jimina. Akuya ta wanzu har ta riƙe masana'antu, giwa da jimina kuwa sun ɓace daga kasuwa domin sun ɓace daga dawa. Dalilin wannan bambanci shi ne abin da ya kamata a bincika, kuma ba za a gane shi sosai ba sai an gwada tarihin ƙasar Hausa da na waɗansu ƙasashe.

Maharba da 'yan farauta

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya bayyana Barbushe na Dutsen Dala a matsayin ƙaƙƙarfan maharbi mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Ko an ɗauki labarin a kan almara, yana nuna cewa mutanen da suka tsara shi sun san giwa a ƙasarsu. Haka kuma kirarin sarakuna da ake yi da zaki da toron giwa da ɓauna bai fito daga bakin mutanen da ba su taɓa ganin waɗannan dabbobi ba.

Hausawa sun bambanta farauta da harbi. Farauta ta gayya ce, ana yin ta da rani bayan an kawar da amfanin gona, da karnuka da gora da kiɗa, kuma yawanci zomo da gada da barewa ake samu. Harbi kuwa sana'a ce ta gado. Maharbi yakan shiga dawa shi kaɗai, da kwari da baka da dafi, wani lokaci ya ɗaura burtu a ka domin ya kusanci nama, in giwa ce kuma ya harbe ta da sango. A kan maharba akwai Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, wanda ke yanke gardamar wanda ya fara jifa, ya kuma kai wa sarkin gari gaisuwa. Shari'a ma ta yi magana: Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin fiƙihu ya sani, ta halatta farauta don bukata, ta karhanta ta don wasa kawai.

Wannan tsari ya isa muddin dawa tana da faɗi, makami kuma ba ya cin nesa. Abubuwa uku suka rushe shi. Na farko, kasuwar haure ta Turai ta buɗe baki, har fatake irin su Madugu Muhamman Mai Gashin Baki suka riƙa nausawa Adamawa neman haure. Na biyu, annobar shanu ta wajen 1890 ta halaka ɓauna da ire-irenta tare da garken Fulani. Na uku, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, aka yi ta sare kurmi ana mai da shi gona. Wannan na ƙarshe ya fi sauran ɓarna, domin naman da aka harbe yana iya barin 'ya'ya, amma wanda aka raba da makiyayarsa ba shi da makoma.

Dokar Turawa

A 1900 ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka yi taro a London kan kiyaye namun dajin Afirka, suka sake wani a 1933. A Nijeriya an kafa dokar kiyaye namun daji a 1916, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963. Waɗannan dokoki sun zo da lasin da kuɗin lasin. Baturen da ke da bindigar zamani da kuɗi ya zama maharbi halal, magajin Sarkin Baka kuwa ya zama ɓarawon nama a dajin kakanninsa. Tun daga nan talaka ya ɗauki naman dawa a kan dukiyar Gwamnati, abin da ba ya jin nauyin tsarewa.

An keɓe Yankari a ƙasar Bauchi a 1956, aka buɗe ta ga masu yawon ido a 1962. Ta koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006, kuma a can ne garken giwaye mafi girma da ya rage a Nijeriya yake. A kudancin Jihar Kano akwai dajin Falgore, wanda ke cikin gandaye goma da Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 a ɗaga darajarsu. A birni kuwa Gwamna Audu Baƙo ya gina gidan namun daji a farkon shekarun 1970, kuma yawancin Kanawa a can kaɗai suka taɓa ganin zaki ido da ido. Dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta hana harbi da cinikin nau'o'in da ke gab da ƙarewa, amma ta zo bayan hari ya riga ya wuce.

Hanyoyin waɗansu ƙasashe

A Gabashin Afirka farauta ta zama babbar sana'a tun da wuri. Theodore Roosevelt, tsohon shugaban Amurka, ya yi rangadin harbi a can daga 1909 zuwa 1910, shi da ɗansa suka kashe manyan namun daji 512. Kenya ta hana farauta baki ɗaya a 1977, ta dogara ga masu zuwa kallo da ɗaukar hoto. Hanin bai tsai da ɓarayin haure ba, domin giwayenta sun ragu daga kimanin 167,000 a 1973 zuwa kimanin 16,000 a 1989, shekarar da Shugaba Moi ya ƙone tan 12 na haure a bainar jama'a, aka kuma haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Bayan haka ne, da aka gyara hukumar tsaron gandaye, giwayen suka fara ƙaruwa.

Kudancin Afirka ya bi wata hanya dabam. Zimbabwe ta fara shirin CAMPFIRE a 1989, wanda ya ba gundumomin karkara rabo daga kuɗin da baƙin maharba ke biya. Namibiya ta yi doka a 1996 wadda ta bai wa ƙauyuka ikon sarrafa namun dajin yankinsu. Hikimar ita ce manomin da giwa ke ci wa gona ba zai haƙura da ita ba sai yana da riba a jikinta. Botswana ta hana farauta a 2014, ta janye hanin a 2019 saboda kukan manoma. Duk da haka hanyar tana da nata aibi, domin inda jami'ai ke cin hanci, kuɗin ba ya isa ƙauye kuma ana wuce adadin da aka ƙayyade. Harbe zakin nan da ake kira Cecil a bakin gandun Hwange a 2015 ya jawo wa sana'ar zargi a duniya.

Amurka ta kusa ƙarar da ɓaunarta a ƙarni na 19. A 1937 ta ware kuɗin harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai domin raya namun daji, watau maharbi shi ke biyan kuɗin kiwon abin da zai harba. Indiya kuwa ta zaɓi hani, da dokarta ta 1972 da shirin ceton damisar Indiya na 1973, kuma ƙidaya ta nuna 1,411 a 2006 da 3,682 a 2022.

Misalin da ya fi kusa yana Jamhuriyar Nijar. Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996. Da aka haɗa kai da manoman wurin, aka ɗauki 'ya'yansu aikin ja-gora, aka taimaki ƙauyukansu, sai adadin ya haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai, alhali dabbobin suna kiwo ne a tsakiyar gonaki.

Abin da gwadin ya nuna

Indiya ta hana ta ci nasara, Namibiya ta halatta ta ci nasara, Kenya ta hana ta sha wuya kafin ta farfaɗo. Ashe hani ko halattawa ba su ne suka raba ƙasashen nan ba. Duk inda nama ya tsira, za a tarar da makiyaya da aka tsare masa, da ƙidaya ta gaskiya, da ma'aikata masu albashi da kayan aiki, da maƙwabta masu amfana da rayuwarsa. Jar akuyar Sakkwato ana yanka ta kullum, amma ba ta ƙare ba, domin kowace tana da mai ita. Giwa kuwa ta zama ta kowa, saboda haka ba ta da mai tsaronta.

Arewacin Nijeriya ba shi da yawan naman da zai ɗauki farautar baƙi irin ta Namibiya, kuma duk wanda ya kawo wannan shawara yanzu ya sayar da kura a rami. Aikin da ke gaban ma'aikatan gandun daji shi ne su ƙidaya abin da ya rage a Yankari da Falgore, su tabbatar da iyakoki, su samar da tsaro, su ware wa ƙauyukan gefen daji rabo bayyananne daga kuɗin shiga, su kuma jawo Sarakunan Baka cikin aikin gadi, tun da babu wanda ya fi su sanin sawun nama. Ɗaliban tarihi kuwa, nasu shi ne su rubuta abin da tsofaffin maharba suka sani game da mashaya da hanyoyin giwa, tun waɗanda suka gani da idonsu suna raye.