Gwangwanayen Jos da Kewar Yarinta: Nazari a kan Doctor Who, Masu Kallonsa da 'Yan Wasansa

A watan Oktoba na 2013, BBC ta sanar da cewa an gano kashi tara na shirin Doctor Who waɗanda aka daɗe da fid da rai da su. A Jos aka same su, cikin ɗakin ajiya na wani gidan talabijin, inda wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim jere a kan kanta. Biyar daga ciki suka cike labarin The Enemy of the World, huɗu kuma na The Web of Fear ne, duka an nuna su a Ingila tsakanin ƙarshen 1967 da farkon 1968. Yaran da suka kalle su a wancan lokaci sun haura shekara hamsin, amma sai ga su suna rige-rigen saye a iTunes.

Hausawa kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma da irin wannan ido aka daɗe ana kallon kewar zamanin da. A 1688 Johannes Hofer, ɗalibin likitanci a Basel, ya bayyana ta a matsayin ciwo mai kama waɗanda suka yi nisa da gida. Svetlana Boym, a littafinta The Future of Nostalgia na 2001, ta raba ta biyu: akwai mai son sake gina abin da ya shuɗe daidai yadda yake, akwai kuma mai zama da kewar tana yi mata tambayoyi. Hujjata a nan ita ce, abin da ke raba waɗannan biyun a fagen talabijin ba halin mai kallo ba ne kawai. Kaset ne. Wanda yake da shirin a hannu zai iya gwada abin da ya tuna da abin da aka nuna. Wanda ba shi da shi kuwa sai yabo, domin babu abin da zai ƙaryata shi.

An fara nuna Doctor Who ranar Asabar 23 ga Nuwamba 1963, da yamma, bayan sakamakon wasanni. Labarin wani baƙon halitta ne mai siffar mutum, mai yawo tsakanin zamunna da duniyoyi cikin wani akwati mai kama da rumfar wayar 'yan sanda. An tsara shi ne don yara su tsinci tarihi da kimiyya, shi ya sa cikin abokan tafiyarsa na farko akwai malamar tarihi da malamin kimiyya. Dodannin ƙarfe da ake kira Dalek suka shigo a labari na biyu, suka kwashe hankalin yara, karatu ya koma gefe. Kowane kashi kusan minti 25 ne, ana yanke shi daidai lokacin da jarumi ke bakin halaka. Daga nan sai jiran mako guda. A ganina wannan jiran shi ne rabin abin da ake kewa: kwana bakwai yaro yana ƙarasa labarin a ransa, yana gardama da abokansa a makaranta, har abin da ya ƙaga ya cakuɗe da abin da ya gani.

Yadda aka yi asarar shirin ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya san aikin talabijin na lokacin. Kaset ɗin bidiyo mai faɗin inci biyu yana da tsada, saboda haka ana goge shi a sake ɗaukar wani abu. Yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri. Da talabijin mai launi ta zo, sai aka ga mai baƙi da fari ya zama tarkace, kuma babu wanda ya hango kasuwar bidiyon gida. Sai a 1978 aka tsayar da gogewar. Abin da ya tsira galibi kwafin fim ne mai milimita 16 da sashen kasuwanci na BBC ke sayar wa tashoshin ƙetare. Tasha takan nuna, ta tura wa ta gaba a wata ƙasa, ta ƙarshe kuma ta mayar ko ta lalata. A Jos ba a yi ko ɗaya ba. Rashin cika wannan ƙa'ida ne ya ceci abin da masu shi suka zubar da hannunsu.

Tun kafin hukuma ta farga, masu kallo sun riga sun fara aiki. Yara da matasa a shekarun 1960 sukan ajiye rikoda kusa da akwatin talabijin, kuma albarkacin wannan ne muryar kowane kashi da ya ɓace take nan har yau. Wani mai ɗaukar hoto, John Cura, yakan ɗauki hotunan allon talabijin ya sayar wa masu shirin da 'yan wasa, daga baya masoya suka haɗa hotunan da muryoyin suka sake gina labaran. Sun tsara jerin kowane kashi da ranar da aka nuna shi da sunayen waɗanda suka fito. Wannan jerin ne ya sa aka san cewa 106 ne suka ɓace kafin gwangwanayen Jos, 97 suka rage bayansu. Da aka dawo da shirin a 2005, bayan dakatar da shi a 1989, wanda ya jagoranci aikin, Russell T Davies, yana cikin yaran da suka tashi da shi. David Tennant da Peter Capaldi, waɗanda suka hau matsayin jarumin daga baya, su ma haka.

To, me ke faruwa idan kaset ya dawo? John Nathan-Turner, wanda ya shirya shirin a shekarun 1980, yakan mayar wa masu cewa na da ya fi kyau da martanin cewa tunanin baya mayaudari ne. Labarin The Tomb of the Cybermen ya ba shi gaskiya ta wani ɓangare. Shekaru ana ambatonsa a matsayin gwanin da ya ɓace, har aka gano shi a Hong Kong aka fitar da shi a 1992. Da aka zauna kallo, sai ga Toberman, baƙar fata ƙaƙƙarfa, bara, wanda da kyar aka ba shi abin faɗa. Yaron Ingila na 1967 bai ga wannan ba, ko ya gani bai riƙe ba, kewarsa ta share masa shi. Mai kallo daga wannan nahiya ba zai iya kau da kai ba. The Enemy of the World kuma akasin haka ya faru da shi. Kashi na uku kaɗai ya rage a da, wanda ba shi da armashi sosai, don haka aka raina labarin. Gwangwanayen Jos suka nuna Patrick Troughton yana wasa biyu, jarumin da kuma azzalumi Salamander, suka nuna Carmen Munroe, 'yar asalin Guyana, a matsayin Fariah, mace mai magana da nauyi. Darajar labarin ta tashi. A duka biyun, shaida ce ta yi wa kewa gyara.

Batun 'yan wasa ya fi wannan sarƙaƙiya. Da rashin lafiya ta ci ƙarfin William Hartnell, wanda ya fara riƙe matsayin jarumin, a 1966, sai masu shirin suka ƙago dabarar cewa jarumin yana sake jiki da fuska. Dabarar ta tsawaita ran shirin, ta kuma fito da wani abu a fili: kowane tsara yana da nasa jarumin, kuma kusan kullum shi ne wanda ya fara gani yana ƙarami. Ashe ba gwaninta ake zaɓa ba, shekarun mai kallo ne ke zaɓa. Ɗan wasa kuwa shi ke biyan kuɗin wannan ƙauna. Troughton ya bar shirin a 1969, saboda nauyin aiki da tsoron kada a rufe shi a matsayi ɗaya. Duk da haka ya koma sau uku, kuma a watan Maris na 1987 ajali ya same shi a garin Columbus na jihar Jojiya a Amurka, inda ya je taron masoya irin waɗannan shirye-shirye. Tom Baker, wanda ya riƙe matsayin daga 1974 zuwa 1981, ya ƙi fitowa a shirin cika shekara ashirin a 1983, har sai da aka ɗauki hotunan talla da mutum-mutuminsa na kakin zuma. Shekara talatin bayan haka ya fito a na cika hamsin. Masu kallo suna son mutumin, amma suna son sa a tsaye a inda suka bar shi, tsufansa kuma yana tuna musu da nasu. Sai dai in za a yi adalci, taruka da sake fitar da tsofaffin shirye-shirye sun zama hanyar abinci ga da yawansu bayan kasuwarsu ta ja baya.

Nan ne kwatanci da namu yake da ciwo. Talabijin ta fara a Kaduna a 1962, kuma waɗanda suka tashi a shekarun 1980 suna da nasu fuskokin: Kasimu Yero a Magana Jari Ce da Karambana, Usman Baba Pategi a Samanja, Sadiq Daba a matsayin Bitrus cikin Cock Crow at Dawn, wanda a yankin Jos ɗin nan aka ɗauke shi. Magana Jari Ce, da akunsa da mugun wazirinsa da yariman da ake riƙewa da labari don kada ya fita, shiri ne na kasada ta kowace fuska. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Sadiq Daba a 2021, Pategi a 2023. Kowane lokaci Facebook kan cika da hotuna da addu'ar Allah ya jiƙan maza, da cewa yanzu ba a yin irinsu, bayan kwana uku a wuce. Wanda ya je YouTube nema kuwa guntaye zai tarar, masu dishi-dishi, galibi babu shekara, babu sunayen waɗanda suka yi aikin.

Wannan ita ce kewar da ba ta da abin gwaji. Muna cewa wasannin da sun fi na Kannywood tarbiyya da ma'ana, kuma mai yiwuwa haka ne, amma magana ce da ba a ɗora ta a kan kallo na biyu ba. Morris ya san abin da ya gani a kan kanta domin wasu sun riga sun rubuta sunan kowane kashi da lambarsa shekaru da dama kafin ya iso. Irin wannan jerin, na kashi nawa aka yi, yaushe aka nuna, wa ya rubuta, wa ya fito, shi ne aikin da sassan Hausa da na koyon aikin jarida a jami'o'in Kano da Zariya da Jos za su iya farawa ba tare da jiran kuɗi masu yawa ba, tun da sauran masu ɗaukar hoto da daraktocin da suka yi aikin a raye.